Ladabin Jar Kaza

Tun safe dinyoyin gidan ke ta kuka, sun ƙi kusantar akurki.

"Iya, ki leƙa kafin ki sa hannu," in ji surukarta.

Iya ta ja tsaki. "Ke za ki koya min kiwo?" Ita da hannu take lalubar ƙwai, ba da ido ba.

Ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin jar kazar da ke kwanci. Masifaffiyar kazar nan, yau ko motsi ba ta yi ba.

"Kin gani? Yau ta yi ladabi," ta ce tana dariya.

Sai ta ji jikin kazar sanyi ƙalau, kuma babu ƙwai ko ɗaya. Kafin ta janye, wani abu mai santsi ya fara naɗe mata wuyan hannu a hankali.