Kanumfari Kafin Kotu

Da ruwan sanyi ta tashe shi, don lallashi ya daɗe da daina aiki a kansa. Yau ake zaman kotu, shari'ar tuƙi cikin maye, shi kuwa ga shi yashe a kujerar falo, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a bakin ƙofa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta yi na shekaru, bai gyara komai ba. Ta kora shi banɗaki, ta dafa baƙin shayi mai ɗaci, ta matse lemon tsami a ciki, ta tsaya a kansa har ya shanye. Ta ɗiga masa magani a idanun da suka yi jawur. Gemun ma ita ta aske masa, saboda hannunsa rawa yake, kuma ba za ta bari ya shiga gaban jama'a da yanka a haɓa ba.

Abin da ke gabansu ba ƙarami ba ne. Manyansa a wurin aiki sun riga sun ja masa kunne: in aka sake kawo musu maganar kwalba, ya yi sallama da aikin, da gidan da aka ba shi, da fanshon da ya kusa kaiwa. Ita kuwa ba ta da niyyar kwashe tukwanenta ta koma gidan haya da furfura a ka.

"Buɗe bakin," in ji ta. Ta cusa masa kanumfari.

"Haba, maman yara, sai ka ce wani jariri."

"Jariri nono yake sha. Tauna."

Tana goge masa takalmi tana ba shi karatu. Ya bar lauyoyi su yi ta zuba, aikin da ake biyansu ke nan. Shi dai ya sunkuyar da kai, ya yi magana kaɗan, a hankali. Kada ya kuskura ya ɗauki kofin ruwa, za a ga hannun. Duk wanda ya matso kusa, ya kau da fuska ya yi kamar tari ne ya sarƙe shi.

"Na fi ki sanin kotu," ya ce.

"Mashaya ma ka fi ni saninta, maigida. Me sanin ya tsinana mana?"

Ya kai hannu zai ɗauki makullin mota, ta riga shi, ta jefa a jakarta. Motar tana bayan gida, an lulluɓe ta da tamfal, fitila a fashe, gaba a lotse, har da fentin turken da ta runguma. Ƙanenta ne zai kai su, mutumin da ba ya tambaya, ba ya kuma ba da labari.

Harabar kotu cike take. Suka zaga ta baya. Can wani ɗan sanda ke jiransa, ya karɓi ledar kayan da ta goge masa, ya shige da shi wani ɗan ɗaki, ya ja ƙofa. Ko waiwayo maigidan bai yi ba.

Ta dawo ta gaba, ta samu benci na ƙarshe. Kusa da ita wata tsohuwa ce, sai murza gefen gyale take yi. Ɗanta direban tasi ne, in ji ta, shi ma giya ce ta kawo shi, kuma motar nan ita ke ciyar da gidan duka.

"Baiwar Allah," tsohuwar ta raɗa mata, "an ce alƙalin nan ba ya ɗaga wa mashaya ƙafa."

"Ko kaɗan, inna," ta ce. "Musamman da safe."

Ta kafa wa ƙofar ciki ido. Tuntuɓe ɗaya ya isa. Kalma ɗaya mai nauyi a harshe ta isa.

Magatakarda ya buga tebur, ya ce a miƙe. Kowa ya miƙe, ita ma ta miƙe. Maigidanta ya fito cikin baƙar rigarsa, ya hau matakala bai yi tangaɗi ba, ya zauna a kujerar alƙali, ya ɗaure fuska, ya ce a shigo masa da direban.