Rautar da Ta Rage Gaisuwa

Tunda ka tambayi yadda rauta ke gane maƙwabciyarta, gyara zama ka ji. An yi wani ma'aikaci da ya shekara goma sha bakwai yana kula da rautocin da ke haɗa asibitocin karkara da babban asibitin birni. Waɗannan na'urori masu nuna wa saƙo hanya suna da al'ada: duk daƙiƙa goma kowacce takan aika wa na kusa da ita 'yar gaisuwa, ta faɗi sunanta da na waɗanda ta ji muryarsu. Wadda aka yi daƙiƙa arba'in ba a ji ɗuriyarta ba, sai a cire ta daga lissafin maƙwabta. To, wani asibiti da ke ƙetaren kogi ya ishi mutumin nan da ƙorafin layinsu ba ya sauri. Ran wata Alhamis da la'asar, baya na ciwo, ido ya yi jawur, ya ce a ransa wannan yawan gaisuwa ma ai cin hanya ne. Daga ofis ya umarci rautar can ta riƙa gaisuwa sau ɗaya a minti. Bai sanar da sauran rautocin ba, ya rufe kwamfuta ya tafi gida.

Washegari ya nemi rautar daga ofis, ko alamarta babu, maƙwabta sun yanke hulɗa da ita. Dole ya hau babur, awa huɗu cikin taɓon damina, sannan kwalekwale. Ya tarar da benci cike da masu jiran sakamakon gwajin jini daga birni, har da wani dattijo da aka kasa fara ba shi magani tun jiya, 'yarsa tana yi masa fifita. Malamar jinya ta ce, "Malam, fitilun na'urar nan duk a kunne suke. Me ya same ta?" Ya durƙusa gaban rautar ya mayar da gaisuwar yadda take, cikin minti biyu sakamako ya fara shigowa. Aka kira dattijon ciki. Shi kuwa ya zauna a dandamali yana kankare laka daga takalminsa da tsinke, ga awa huɗu na komawa suna jiransa.

Ka ji dalilin da ya sa magabata suka ce, zumunta a ƙafa take.