Jan Biron Madam

"Sabuwar yarinya ce za ta raka ni taron ƙasar waje," in ji Madam, shugabar ofishin fassara, tana kaɗa shayinta.

Anti, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin, ta ji kamar an watsa mata barkono a ƙirji. Wa? Wannan da fassararta ba ta taɓa dawowa lafiya ba? Kullum takardarta jajur, a gefe Madam ta rangaɗa mata "pauvre" da Faransanci, wato talakan aiki, ba tsoka. Anti ce ma ta raɗa mata Hajiya Pauvre. Ita kuwa nata takardun fes suke dawowa, ko ɗigo babu.

Ta faɗa ofishin Madam ba sallama, da fassarar ranar a hannu.

"Me na yi miki, Madam? Ni da ba ki taɓa rubuta mini pauvre ba!"

Madam ta yi murmushi. "Ba na ɓata tawada sai ga wanda nake ganin zai ƙara tsawo."

Anti ta matso gaban teburin Madam. Ta tura takardar. "To ga tawa. Ki zage ni son ranki."

Sai ga sabuwar yarinya ta leƙo a tsorace. Madam ta mayar wa Anti takardarta, ko shafi na biyu ba ta buɗe ba.

"Ya yi kyau, je ki."

Ta jawo kujera kusa da tata, ta cire murfin jan biro.

"Ke kuma zo nan, 'yata, mu ga ɓarnar yau."