Kuloci Mai Tauri

Bakaniken ya ajiye kuloci biyu a kan benci, kowanne da faifan injinsa.

"Hajiya, zaɓi. Wannan mai laushi ne, faifansa da nauyi, mota za ta tashi a hankali. Wancan kuwa na 'yan tsere ne. Faifan ba nauyi, amma taka kulocin sai ƙato."

Ta kalli jar motar mijinta. An miƙe ƙofar, an sake fenti, kamar ba daga cikinta aka zaro shi jina-jina ba. Wayarta ta sake ruri. Shi ne, daga gadon asibiti. Tun jiya yake tambaya ko za a gama gyaran kafin tsere na gaba.

"Sa na tseren," ta ce.

Bakaniken ya daina goge hannu. "Hajiya, da ƙafar hagu ake taka shi fa, wadda aka sa wa maigida ƙarfe a cikinta. Wallahi ko ya warke, ba zai iya sa giya ba."

Ta jefa wayar a jaka tana ta ruri.

"Akwai wanda ya fi shi tauri?"