Bulala Ya Dawo Gida

Tato ya goge rigarsa ɗaya tilo ta fita unguwa, ya koma ofishin rajista karo na huɗu, aka ba shi amsar da ya saba ji.

"Kawo katin shaidarka, mu yi wa yarinya takardar haihuwa," in ji magatakarda. "Ba kati, ba takarda. Na gaba!"

Ba takarda kuwa, 'yarsa Yanelis ba za ta zauna jarrabawar shiga sakandare ba, ga shi saura wata biyu. Yarinya ce mai kai. In wannan ta wuce ta, sai wankin gidajen masu kuɗi, kamar marigayiya uwarta.

Shekarar Tato talatin da takwas, bai taɓa riƙe kati ba. 'Ya'yan uwarsa Doña Eufemia biyu ne, ɗaya kaɗai aka yi wa rajista, shekarar da rake ya yi albarka. A ƙauyen masu saran rake wannan ba abin magana ba ne. Can ko sunan baftisma ba mai kiran wani da shi. Kowa da laƙabinsa har kabari.

Yayansa kuwa, duk Jamhuriyar Dominika ta san shi. Nicanor Saviñón, Bulala, mai jifa a wasan besbol, wanda ƙwallonsa ke wuce mai dukan gora kafin ya ƙifta ido. Dillalan 'yan wasa na Amurkawa ba sa sayen tsohon kaya, wanda ya haura shekara sha bakwai ko kallo bai ishe su ba. Shi suka ɗauke shi, jaridu suka yi ta mamakin ɗan shekara sha shida mai ƙirjin ƙato. A shekarar Tato ya bar makaranta ya ɗauki adda.

Ranar tafiya yayan ya dafa shi ya ce, "Duk ranar da na ajiye ƙwallo, ni zan gyara maka zancen takarda."

Shekara ashirin da biyu Tato na jira. In rediyo ya kwarara sunan Nicanor Saviñón, sai ya ɗago kai firgigit, maza su yi dariya: "Ka ga mai ɗan'uwa!" Ranar da talabijin ke taya Bulala murnar zagayowar ranar haihuwa, Doña Eufemia takan dafa romon kaza da rogo, ta zuba wa Tato kwanon farko, ba ta kallonsa.

Bulala ya ci kofi biyu. Ya kuma biya da jikinsa. Sau uku aka tsaga masa gwiwar hannu, har da ciro jijiya daga ƙafa a dasa. Matarsa ta tafi da 'ya'ya da gida. Kwalba ta zama abokiyar hira. Da ƙungiya ta ga hannu ya mutu, ta sallame shi kamar yadda ake yi wa tsohon jaki. Ya dawo gida yana da talatin da takwas, in ji jaridu, ba ya iya ɗaga cokali da hannun dama.

Tato ya same shi da hantsi a baranda, yana kurɓar giyar rake.

"Yaya, ka ajiye ƙwallo. Jarrabawar Yanelis ta matso."

"Kai, Tato, ko gumina bai bushe ba! Ranar Asabar za a sa wa filin wasa suna. Bari a gama."

"Haka ka ce bayan kofin farko."

"To me za ka yi da takarda, uban 'yan boko? Rake ne ya tambaye ka?"

Uwarsu na tsinar shinkafa a gefe. "Ka ƙyale yayanka ya huta," ta ce. Ita dai ba ta kiran ko ɗayansu da suna.

Ranar Asabar gari ya cika. Aka yaye ƙyalle, ga sunan Nicanor Saviñón da manyan haruffa a kan ƙofar fili. Aka miƙa wa Bulala ƙwallo ya yi jifan buɗe wasa. Ya ja baya, ya ɗaga ƙafa kamar da, ya saki. Ƙwallo ta faɗi a rabin hanya ta mirgina. Wasu suka tuntsure da dariya. Ba su rufe baki ba ya dafe ƙirji ya kife.

Likita ya ce bai taɓa ganin zuciyar da ta girme wa mai ita haka ba.

Mutuwar manya ba ta bin layi. Magatakarda da kansa ya zo gida da littafi da hatimi, ya zauna gaban Doña Eufemia.

"Haƙuri, Doña. Doka ce sai uwa ta faɗa da bakinta. Yaya sunan mamaci?"

Tato ya durƙusa ya kama gefen siket ɗinta. "Mama, don Allah. Shi ya riga ya tafi. Yanelis na nan."

Ta dubi jikarta a bakin ƙofa, rungume da littafin lissafi. Ta dubi taga, inda ake hango ƙofar fili da haruffanta. Ta janye siket ɗinta.

"Abin da ya hau bango ba ya saukowa gonar rake," ta ce. "Rubuta: Nicanor Saviñón."

Hatimi ya sauka, tim.

Da la'asar aka fito da gawa. Tato, Nicanor Saviñón na ainihi, wanda uwarsa ta karɓe takardar haihuwarsa yana ɗan sha shida ta ba yayansa mai shekara ashirin, ya sa kafaɗa ya ɗauki akwatin da aka rubuta sunansa a kai.