Manomin da Ya Ƙi Kiran Gayya da Wuri

Kai da aka ɗora wa aikin nan kake ta rawar jiki, zauna tukuna in ba ka misali.

Akwai wani ƙauye da kwazazzabo ya raba shi da gonakinsa. Da rani tsallakewa ake yi, amma ruwa na sauka sai ya cika ya batse, mutane su tsaya a gaɓa suna hangen ciyawa tana cinye musu gero. Da abin ya ishe su, suka ɗora wa wani manomi aikin yi musu gada kafin damina. Shi kuwa ya san halin mutanensa: gayya sau ɗaya ake amsa ta da zuciya ɗaya, in ka sake kira, daga kai sai makaɗi za ku fito. Don haka bai kira kowa ba. Ya tafi bakin kwazazzabon ya zauna, ya tambayi tsofaffi inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi yawa, ya sa alama a jikin wata tsamiya. Ya auna faɗin wurin da igiya, ya kai wa masu faskaren giginya igiyar da hannunsa, don kada a kawo azara ta gaza. Masu jakuna suka riƙa zuba duwatsu kaɗan-kaɗan in sun dawo daga kasuwa. Ya bi gida-gida ya san wa ke da diga, wa zai kwaɓa ƙasa, su wa za su dama kunu. Samari suna ta yi masa ba'a wai an ba mai zaman kashe wando aiki, har matarsa ta fara jin kunyar zuwa rijiya. Ya ci gaba da shirinsa, ko da yake shi ma in ya ga gajimare a gabas yakan ji tsoron kada ruwa ya riga shi.

Sai da komai ya hallara sannan ya sa aka buga ganga. Wallahi ranar abin ya burge ni ko a labari: kowa ya zo ya tarar da wurinsa da kayan aikinsa, ba mai tsayuwa yana tambayar me za a yi. Shi kuma yana zagayawa yana dubawa. Ya ga azara ɗaya ta tsage, ya sa aka cire ta nan take, don tun farko ya tanadi rara. Kafin la'asar gada ta tsaya, jama'a suka watse suna shi masa albarka, amma bai ce ya gama ba. Ranar ruwan farko ya tsaya a gaɓa yana jiƙewa, ya ga inda ruwa ke zaizayar gindi ɗaya, ya cike shi da sauran duwatsu. Ya mayar wa kowa da abin da ya aro, sannan ya je ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, ga aikinku." A daminar nan ruwa ya zo har kusa da alamar tsamiya, mata suna bi ta kan gadar da ƙwaryar fura a ka, za su kai wa masu noma. Samarin da suka yi masa ba'a su suka fara cika rumbu.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, shirin zaune ya fi na tsaye.