Kifin da Jurandir Ya Hana Ƙyanƙyashewa

Duk rani, idan ruwa ya janye daga filayen tsibirin Marajo, Jurandir yakan cika kwando huɗu na kifin tamuwata a tafkinsa. Da su iyalinsa ke ci har ruwa ya dawo. Amma ƙaninsa Adalto bakwai yake cikawa, kuma ukun nan na sama sun tsaya wa Jurandir a maƙogwaro.

"Baban Luziya, wai me ka rasa?" in ji matarsa Zuleide.

"Ni fa na koya wa yaron nan jefa taru! Yau shi ake nunawa a kasuwa, ni ko oho."

Tamuwata ɗan'uwan tarwaɗa ne, sai dai jikinsa sulke ne. Da damina namijin yakan haɗa sheƙa da kumfa da ciyawa a saman ruwa, matan su zuba ƙwai, shi ya tsaya gadi. Ka bubbuga ruwa kusa, sai ya taso da faɗa, ya faɗa hannunka. Mai hankali ba ya taɓa shi a lokacin.

Ranar da Adalto ya kai matarsa birni haihuwa, Jurandir ya tura kwalekwale cikin fadamar ƙanin nasa. Kwana uku yana bin sheƙa ɗaya bayan ɗaya yana kwashe masu gadi. Yana kallo ƙananan kifaye suka yi wa ƙwan rubdugu, ransa fes. Zuleide ta dafa abin da ya kawo.

Rani ya zo. Jurandir ya ja taru a tafkinsa tun safe har rana ta take, ya tashi da laka da rabin kwando.

Yana zaune jugum sai ga Adalto da kwando a kafaɗa.

"Yaya, ga wannan a ba yara. Wani marar tausayi ya shiga fadamata da damina. Ni tafkina da zurfi, tsofaffin kifi sun rufa min asiri. Kai na fi jin tausayi."

"Ni kuma? Ina ruwana da fadamarka?"

"Haba Yaya! Sheƙa nawa ka taɓa gani a wajenka, bayan ɓaunayen da kake kiwo sun cinye ciyawar? Da damina ai ruwan ɗaya ne. Duk kifinka a wurina ake ƙyanƙyashe shi."

Jurandir ya karɓi kwandon ya shige gida. Da yamma Zuleide ta dire masa kwanon kifin Adalto da garin rogo, ya kasa kai loma.

"Ci mana," ta ce. "Namu ai tun damina ka cinye shi."

Kafin ruwa ya dawo, sai da ya sayar da kwalekwalen don yara su ci.

Jama'a, mu guji hassada. Sau da yawa arzikin ɗan'uwan da kake baƙin ciki da shi, daga cikinsa naka yake fitowa.